Laka, siminti ko sikiridin: da me za a gyara bangon ɗaki kafin a sa masa fenti?

Da an kai amfanin gona gida, an sayar da riɗi da shinkafa, kuɗi sun ɗan zauna a aljihu, sai a shiga gyaran ɗakuna. Wani aure zai yi wa ɗansa, wani uwargida ce ta tsare shi da maganar bangon da ya yi baƙi ƙirin, wani kuma damina ce ta bar masa tsaga tun daga saman ƙofa har ƙasa. Kusan kowa da maganar launi yake farawa: ruwan madara za a sa, ko shuɗi, ko kore. Launi kuwa shi ne abu mafi sauƙi a aikin. Abin da ke sa fenti ya daɗe da kyansa, ko ya fara ɓarewa tun Sallah ba ta zagayo ba, yana ƙarƙashinsa ne, wato abin da aka cike tsaga da ramuka da shi, da abin da aka ba bangon ya sha kafin fenti ya hau.

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa abu uku ne a gabanka wajen toshiya: laka, siminti da yashi, sai kuma haɗin nan mai santsi da masu fenti ke kira sikiridin. Ni a ganina ba aljihu ne ke zaɓa ba, ba kuma abin da aka gani a gidan wani a birni ba. Bangon ne ke zaɓa. Ka cike shi da irin abin da aka gina shi da shi, kada facin ya fi jikin bangon tauri.

Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, a fitar da kaya daga ɗakin ka bi bangon da ƙwanƙwasa, da ƙotar wuƙa ko da bayan yatsa. Inda filasta ta kama za ka ji sauti a cushe, inda ta saki za ka ji ƙarar fanko. Duk inda ya amsa haka ka zagaye shi da gawayi, domin ɓarewa za a yi, komai kyan fuskarsa. Sai ka shafa tafin hannu a bangon. In ya fito fari fat, akwai farar ƙasa ko fentin da ya mutu, kuma babu abin da zai kama a kansa sai an kankare. Daga nan ka tsuguna ka dubi gindin bango, daga ƙasa zuwa wajen ƙugu. In akwai wani farin gari mai kama da kanwa, ko fentin wurin ya kumbura, to danshi ne ke hawowa daga ƙasa, kuma maganarsa daban ce, za mu zo kanta.

Bangon laka, laka yake so. Wannan ita ce maganar da mutane suka fi ƙin ji, don gani ake siminti ci gaba ne, laka kuwa ta talaka ce. Amma laka tana shan danshi da damina ta ɗan kumbura, ta sake shi da rani ta tsuke. Siminti ba ya bin ta a wannan motsi. In ka liƙa shi a ramin bangon laka, shekarar farko lafiya lau. A ta biyu siririyar tsaga za ta zagaye facin, daga nan sai wata rana ya ɓamɓaro gaba ɗaya kamar ƙanzo daga gindin tukunya, ya kuma taho da ƙasar bangon a bayansa. Ramin da ka toshe ya dawo ya fi na da.

Ka kalli tsohon magini yana gyaran tsaga a bangon tubali. Ba ya taɓa ta sai ya faɗaɗa bakinta da cokali, ya kakkaɓe duk ƙasar da ta saki, ya yayyafa ruwa har wurin ya yi duhu amma bai yi caɓi ba. Lakar da zai sa tun kwanaki aka kwaɓa ta da yankakkiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, wasu har da kashin shanu, aka tattaka ta da ƙafa aka rufe ta tsima. Yana ɗibarta da hannu ya maka da ƙarfi don ta shige can ciki, ya danna da babban yatsa, ya bar ta ba ta kai baki ba. Gobe ko jibi in ta sha iska ta tsuke, sai ya ƙara wata, sannan ya bi da shafe mai laushi. In yaro mai gaggawa ya ce, "Baba, a cike ta gaba ɗaya mana a huta," amsar ba ta wuce, "Kai dai kawo ruwa." Lakar da aka cusa da kauri lokaci guda tsagewa take yi wajen bushewa. In tsagar tana da faɗi ana cusa gutsattsarin tubali a ciki, ramin ɓera kuma a fara zuba masa fasassun kwalabe. In ka ga hanyar gara, ka bi ta har inda ta fito a zuba magani tukuna, in ba haka ba ka yi mata rufi ne kawai.

Ribar laka a fili take: kusan kyauta ce, kowane magini na gari ya iya ta, ɗakin kuma ba ya rasa sanyinsa da bazara. Gine-ginen ƙasa irin Gidan Makama a Kano da yaɓe a kai a kai suka kawo yau. Aibinta shi ne ba ta son gogayya. Inda gado ke taɓa bango, da inda ake jingina a zaure, zaizayewa yake, kuma gyaran kusan na kowace shekara ne.

Akwai masu cewa duk da haka filastar siminti suke so a ɗakin laka, musamman ɗakin amarya, kuma ba zan ce ba ta yiwuwa ba. Ana yi, wasu har ta daɗe musu. Sharaɗin shi ne a yi wa bangon duka, ba faci-faci ba. A kafa ƙusoshi, a ɗaure ragar waya irin ta kejin kaji, a yi kwaɓi mai yawan yashi wanda bai cika ƙarfi ba. Sannan tilas gindin ginin ya zama a bushe yake, kwano ko indararo kuma yana jefa ruwa nesa da bango. Haɗarin yana inda ruwa ya samu hanya ta bayan filastar. Ba shi da wurin fita, sai ya yi ta cin lakar a ɓoye, kai kana ganin bango sumul. A ƙasar jigawa mai rairayi irin ta wajen Gumel da Maigatari da Babura wannan dabarar ta fi samun sa'a. A bakin fadama, irin su Auyo da Miga da kewayen Haɗejiya, ni ba zan ba da shawararta ba.

Bangon bulo kuwa nasa mai sauƙi ne: siminti da yashi. Kwano ɗaya na siminti, kwano huɗu ko biyar na yashin filasta da aka tankaɗe. Kada ka yarda da mai cewa a ƙara siminti don ya yi ƙarfi. Kwaɓin da siminti ya yi masa yawa ya fi tsukewa, shi ne ke yin 'yan tsage-tsagen nan birjik a fuskar filasta. Balle ma yawancin bulon ƙauye an rage masa siminti wajen bugawa, ba shi da ƙarfin da zai riƙe faci mai tauri. A buɗe bakin tsagar, a share ƙura, a jiƙa, a shafa ruwan siminti tsararo a ciki, a cike, a goge da katako har ya yi daidai da tsohuwar filasta. Daga nan a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har mako guda. Wannan ba-ruwan shi ake yi wa ha'inci, alhali da hunturu iska kan zuƙe ruwan facin cikin sa'o'i, ya bushe bai yi ƙarfi ba, ka murza shi da yatsa ya zama gari.

Sai dai ba kowace tsaga ce ta filasta ba. Wadda ta tashi daga kusurwar ƙofa ko taga ta yi sama a karkace, ko wadda ka gan ta ciki ka zagaya waje ka tarar da ita a wuri ɗaya, ta ginin ce. Ko linta ce babu, wato kankaren da ake zubawa a saman ƙofa da taga, ko harsashi ne ya zauna. Baƙar lakar fadama tana kumbura da damina ta tsuke da rani, shi ya sa za ka ga tsaga ta buɗe a watan Afrilu ta rufe a Agusta. Gwajinta ba wuya: ka manna ɗan kwaɓin POP, farin garin nan da ake yin silin da shi, a kan tsagar, ka rubuta ranar a gefe, ka bar shi makonni. In ya tsage, bangon yana motsi, magini za a kira, ba mai fenti ba. Haka mahaɗar tsohon ginin laka da sabon ɗakin bulo da aka jingina masa. Wannan layin kullum sai ya buɗe, sai an shimfiɗa raga a kansa kafin filasta.

Sikiridin shi ne abin yayi, kuma gaskiya yana da kyau. Mai fenti zai zuba garin POP ko farin siminti a bokiti, ya ƙara fentin ruwa mai araha da gam irin Top Bond, ya juya har ya yi kauri. Sai ya ɗauko faffaɗan ƙarfe mai kaifin baki ya riƙa jan haɗin a bango, siriri, ya bar shi ya bushe, ya sake bi, sannan ya goge da sanfefa. In aka kunna ƙwan sola da daddare ba za ka ga ko ƙwayar yashi ɗaya ba. Fenti ma ya fi auki a kansa tunda babu kaushin da zai cinye shi.

Amma sikiridin kwalliya ce, ba gyara ba. Kaurinsa bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Yana rufe 'yar tsaga mai kaurin gashi da ramin ƙusa, ba ya riƙe filastar da ta saki, ba ya hana tsagar gini dawowa. POP kuma abokin gabar ruwa ne, in danshi ya taɓa shi laushi yake yi ya kumbura ya zube. Yana kuma daskarewa cikin mintoci, don haka wanda bai saba ba rabin bokiti a bola zai ƙare. In za a yi, wanda aka haɗa da farin siminti ya fi jure danshi a kan na POP zalla, ko da yake ya fi wuyar gogewa. Ka kuma tuna ranar jere. 'Yan jere za su zo da guduma da ƙusoshin labule da na hotuna, a tura gado da kabad, kuma kowace ƙusa sai ta ɓallo ɗan farin ɓawo a gefenta. Gara a kafa sandunan labule a gama hujin wayar lantarki kafin a fara. A bangon laka kuwa, ko wanda aka yi wa farar ƙasa ba a kankare ba, asarar kuɗi ce tsagwaronta. Sannan masu iya shi sosai galibi sai an ɗauko su daga Kano ko Dutse ko Haɗejiya, da kuɗin motarsu da abincinsu, yaron da ya koya jiya kuwa zai bar maka bango mai tudu da kwari wanda gara filastar da ba a taɓa ba.

Maganar danshi ita ce ke rushe duk lissafin da ke sama. Ginin da ba a shimfiɗa masa leda a harsashi ba, bulo yana tsotso ruwa daga ƙasa ya hau da shi, ruwan ya bushe ya bar gishirinsa a fuskar bango, gishirin ya tunkuɗo fenti. Gidajen da ruwa ya kwanta musu a ambaliyar 2022, irin na wajen Ringim da Kafin Hausa, masu su sun san wannan farin garin. Babu wani fenti ko firaima, wato shafin farko da ake ba bango ya sha kafin fenti, da ke maganinsa daga ciki. Gyaran daga waje yake: a cike kwarin da ruwa ke kwanciya a bayan ɗaki, a gyara indararo, a yi dakali ko daɓen siminti mai gangara a gindin bango, a kawar da randa ko wurin wanke-wanke in a jikin bangon suke. Gishirin kuma a busasshe ake goge shi da burushi, in ka wanke da ruwa komawa ciki yake yi. In kana shakka ko bango ya bushe, ka manna masa farar leda da salatif ta kowane gefe ka bar ta ta kwana. In ka ga raɓa a bayanta, bai shirya ba. Lokacin ganin iyakar danshi kuwa ƙarshen Agusta ne ko Satumba. Mai niyyar gyara da kaka ya ja layi da gawayi tun a lokacin, domin zuwa Janairu bangon zai yi kamar bai taɓa jiƙa ba.

Yanzu an toshe, an goge. Me za a fara shafawa?

A bangon laka, farar ƙasa ita ce share fagen, ita ce kuma fentin. Tana barin bango ya sha iska, ga araha, mata ma da tsumma ko tsintsiya mai laushi suke shafa abinsu. A dama ta tsararo a yi shafi biyu ko uku, ya fi a yi ɗaya mai kauri. In aka jiƙa ƙaro aka tace ruwansa a ciki, tana rage bin tufafi, ɗan shuɗin wanki kuma yana ƙara mata haske. Irin wadda ake sayarwa a buhu mai zafin nan tana cin hannu, a kiyaye ido. Fentin mai a kan laka kuwa kada a fara, toshe bangon yake yi ya fita fallen-fallen.

Kuskuren da ya fi yawa a ƙauye shi ne a mai da farar ƙasa shimfiɗar fentin ruwa a bangon siminti, wai don bango ya yi fari fenti ya yi auki. Auki kam zai yi. Amma fentin a kan gari ya zauna, ba a kan bango ba, ko farce ka sa zai taso. Ɗakin da aka saba yi wa farar ƙasa in za a koma fenti, sai an jiƙa an kankare an wanke har tafin hannu ya daina yin fari. Aikin yana da gajiya, shi ya sa masu jinga ke tsallake shi.

A bangon siminti zaɓi uku ne na gaske. Na farko firaima ta gwangwani, wadda aka rubuta a jikinta cewa ta sabuwar filasta ce. Sabon siminti yana da zafin kanwa da ke cin launi, shi ya sa ake so filasta ta yi kwana 28 kafin fenti, kuma wannan firaimar don jure zafin aka yi ta. Tana kuma daidaita shan bango, yadda faci ba zai fito kamar tabo a ƙarƙashin fenti ba. Ita ce ta fi, sai dai da wuya ka same ta a shagon ƙauye, sai an shiga Kano, wajen Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari. Na biyu, ka ɗebi fentin ruwan da za ka sa, ka sirka kashi uku ko huɗu da kashi ɗaya na ruwa, ka fara shafawa bangon ya sha. A tsohuwar filasta busasshiya, ko a kan sikiridin da aka share wa ƙura, wannan ya wadatar, kuma shi nake ba mafi yawan mutane shawara. Sharaɗin dai fentin ya zama mai kyau. Mai arahar nan da ruwa ya riga ya yi masa yawa tun daga kamfani, in ka ƙara masa wani babu abin da ya rage. Na uku shi ne gam da ruwa. Za ka ji mai fenti ya ce, "Maigida, ai Top Bond ɗin ne ke riƙe komai." Yana ɗaure ƙurar bango mai gari in an tsarara shi sosai, wannan gaskiya ne. Amma in ya yi kauri sai ya zama wata leda mai sheƙi da fenti ke zamewa a kai, danshi kuma yana narkar da shi. A bangon da ba shi da matsala ba na ganin amfaninsa.

Ɗakin da hayaƙi ya ci, na girki ne ko na turaren wuta da fitilar kananzir na shekaru, shi ne kaɗai wurin da shimfiɗar fentin mai ke da dalili. Kunkunniya da maiƙo suna ratso fentin ruwa ko shafi nawa aka yi, su fito rawaya-rawaya. A wanke da ruwan omo, a bari ya bushe, a shafa andakot na mai, wato fentin shimfiɗa, a wurin da tabon yake kawai. Baƙin danshi mai wari kuma ruwan bilic ke kashe shi. Wajen goge tsohon fentin mai, musamman ja da rawaya, a jiƙa sanfefar, a ɗaure hanci, a kori yara da masu ciki daga wurin, domin wasu irinsa akwai dalma a ciki, ƙurarta kuma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro.

Ga lissafin kaya a taƙaice. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, tsayi ƙafa 10, bangonsa yana kai murabba'in mita 40 in an cire ƙofa da taga. Lita ɗaya ta fenti mai kyau tana rufe mita 8 zuwa 10 a bango mai santsi, saboda haka galan mai lita 4 da ƙyar yake shafi ɗaya, a filasta mai kaushi ma ba zai kai ba. Bokiti mai lita 20 zai yi maka shafin farko da biyu na sama har a rage na gyara. In kuɗin ba su isa komai ba, ga yadda zan jera su: gyaran hanyar ruwa, sai siminti da yashi, sai fenti mai kyau, sikiridin a ƙarshe in an samu rara. Ka sayi kayan da kanka, ka kuma yi da mai fenti cewa ba zai sa launi ba sai ka zo ka ga shafin farko ya bushe. A lokacin ne duk ramin da aka tsallake ke fitowa, ka haska tocila daga gefe za ka gan su.

Saura wanda aka sa wa ranar biki, mako biyu ya rage, bangon kuma yana buƙatar faci. Ƙananan ramuka da siraran tsaga a busasshen wuri a cike su da POP ko farin siminti, washegari a goge a ci gaba. Manyan facin siminti a yi su yau-yau, a ba su ruwa mako guda, a bar su su sha iska sauran kwanakin, sannan a sa fentin ruwa mai haske a sirke, ban da fentin mai, ban da sikiridin. Wurin facin zai iya ɗan canja launi nan gaba, sai a ajiye ragowar fentin a rufe da kyau a sake bi bayan wata biyu. In kuwa gindin bangon jiƙaƙƙe ne, a goge gishirin, a yi wa wurin farar ƙasa, a ja kabad da gado su ɗan bar jikin bango, gyaran gaske ya jira rani ya yi nisa.